Dokar Caca Ta Dawo Hannun Majalisar Jiha: Mu Kai Kukanmu Gaban Kwamiti

'Yan'uwa mazauna Legas, duk wanda ya zaga Agege ko Idi-Araba ko Mile 12 da yamma ya san abin da muke nufi. Kusan kowane lungu akwai shagon caca, ga na ƙwallo, ga na lambobi, ga injin kalo-kalo a bayan gidan kallo. Yaron da aka aika sayen gari sai ya tsaya ya gwada sa'a da canjin. Ɗan acaɓa ya wuni cikin rana, kafin magariba ya zubar da balas ɗin mai babur.

Addininmu ya haramta caca, wannan ba a ja. Amma nan ba Kano ba ce, inda Hisba ta bi shagunan caca ta rufe a 2024. A nan doka ta yarda da ita bisa lasisi, saboda haka ta hanyar doka za mu kare 'ya'yanmu.

Idan ba a manta ba, a 2005 aka kafa dokar caca ta ƙasa. Gwamnatin Legas ta garzaya kotu a 2008 tana cewa wannan hurumin jihohi ne. A watan Nuwamba na 2024 Kotun Ƙoli ta ba jihohi gaskiya, ta ce ikon Majalisar Tarayya a kan caca bai wuce Abuja ba. Ma'ana, maganar tana hannun Majalisar Dokokin Jiha da ke Alausa, wadda tun a 2021 ta yi dokar kafa hukumar kula da caca da wasanni.

Majalisa da kwamitoci take aiki. Kwamitin da aka ɗora wa wannan fanni shi ke tace ƙudiri, shi ke kiran zaman jin ra'ayin jama'a. Sashe na 128 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba majalisar jiha ikon bincikar yadda hukumomi ke aiwatar da dokokinta. Masu kamfanonin caca ba sa fashin irin wannan zama, da lauyoyinsu suke zuwa. Mu kuwa sai mu ce ai mu baƙi ne. Wane irin baƙo ne aka haifi kakansa a Agege? Sashe na 41 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zama inda ya so, sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko asali. Haraji muke biya a nan, ƙuri'a muke jefawa a nan.

Buƙatunmu uku ne. Na farko, a nisanta shagunan caca daga makarantu da masallatai da coci-coci. Na biyu, hanin da aka yi wa yaran da ba su kai shekara 18 ba ya tashi daga takarda, a ƙwace lasisin duk wanda ya karɓi kuɗinsu. Na uku, a raba wasan nishaɗi da caca, domin teburin sinuka ko wasan kwamfuta da ake zuba kuɗi a ci, caca ce ta sake riga.

Muna kira ga sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin kasuwanni su haɗa takardar koke guda, a sa hannu, a miƙa ta ga ɗan majalisar kowace mazaɓa da akawun majalisa. Mu nemi maƙwabtanmu Yarabawa da Ibo mu tafi tare, don su ma 'ya'yansu ne a layin shagunan. Ranar zaman kwamiti kuma a gan mu a kujera. Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.