Hayaƙi Da Haƙƙin Maƙwabci

A wannan mako muna so mu ja hankalin 'yan'uwanmu 'yan kasuwa da ma'aikata na Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi a kan iskar da muke shaƙa.

Ba mu manta da abin da ya auku a ƙasar Anka da Bukkuyum cikin shekarar 2010 ba. Mutane sun riƙa niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, alhali kuwa duwatsun nan suna ɗauke da dalma. Ƙurar ta game tsakar gida, ta shiga jikin yara, har kimanin 400 daga cikinsu suka riga mu gidan gaskiya. Ba a tabbatar da musabbabin ba sai da aka auna jinin yaran da ƙasar gidajen.

To, haka al'amarin iskar unguwanninmu yake. Hayaƙin janareta da ƙona bola da hazon hunturu duk suna ɗauke da wata ƙura wadda ta fi silin gashi sirantaka kusan sau 30. Takan isa huhu, har ta ratsa cikin jini, ta tayar da fuka, ta jawo ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shata mata iyaka: a yini kada ta wuce maikirogiram 15 cikin kowace lita 1,000 ta iska.

Malamanmu Malikawa ba su ƙyale wannan mas'ala ba. Ibnur Rami, wani magini na birnin Tunis a ƙarni na 14, ya kawo a littafinsa Al-I'lan bi Ahkamil Bunyan hukuncin hana mutum ƙaga tanderu idan hayaƙinsa zai cuci maƙwabta. Amma fa alƙali ba ya yanke hukunci sai da hujja, hujjar wannan zamani kuwa ita ce na'urar awon iska.

Saboda haka muna roƙon ƙananan hukumomin nan uku su haɗa kai da Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, a kafa na'urorin nan a kasuwanni da tashoshin mota, a riƙa sanar da jama'a abin da aka samu. Kai kuma mai kanti, ka kau da janaretanka daga tagar maƙwabcinka, domin haƙƙinsa yana wuyanka.

Allah Ya sa mu gyara, amin.