Uwargida, Kin Duba Keken Yaronki?

Makon jiya wani ɗalibina ya iso Islamiyya gwiwa duk jini. Mai mota ne ya buɗe ƙofa bai duba madubi ba, yaron ya afka mata. Direban na ta faɗa wai masu keke ba su san doka ba, yaron na kuka wai masu mota sun raina su. Da na bincika, kowa na da laifi, domin birkin keken ya daɗe da lalacewa.

Uwargida, tun 1972 hannun dama ake bi a Nijeriya, kuma dokar ta hau kan mai keke. Ki koya wa yaronki kada ya tari motoci gaba da gaba, ya miƙa hannu kafin ya karya kwana, ya daina goyo da kama bayan tifa. Ki duba birki da ƙararrawa kafin ki aike shi, bayan magariba kuwa sai da fitila.

Maigida ma ki tuna masa cikin hikima: ya rage gudu, ya ba mai keke fili. Ɗan wata ne, kamar naki.

Allah ya tsare mana zuri'a. Sai wata mai zuwa.