Hula ce ta hana shi shiga coci

Jama'a, ranar Lahadin da ta wuce wani ɗan'uwanmu mai sayar da albasa, Bahaushe Kirista daga ƙasar Zazzau, ya je sujada a wata coci nan cikin gari. Masu gadi suka ga kaftani da hula, suka ce "aboki" ba ya shiga. Haka ya juyo.

Mun san tun harin cocin Owo a 2022 ake cikin tsoro. To, a caje kowa, ba mai hula kaɗai ba.

Abin da ake wa'azi a cikin ginin nan shi ne Allah yana ƙaunar kowane ɗan Adam, ba ya nuna bambanci. A Ayyukan Manzanni sura 10, Bitrus Bayahude ya shiga gidan Karniliyus, hafsan sojan Roma, alhali al'adarsu ta hana, har ya sa aka yi wa mutanen gidan baftisma. A misalin da Yesu ya bayar a Luka 10, wanda ya ɗauki mai rauni Basamariye ne, ɗan ƙabilar da aka raina. Wa ya ba mai gadi izinin tace waɗanda addininsa ya ce Allah ya karɓa?

Mu ma da namu laifin. Sau nawa aka faɗa a zaman ƙungiya wai babu Bahaushe Kirista? Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, Wusasa kuma tana nan gefen Zariya. Bawan Allahn nan yana cikin rajistarmu, yana biyan kuɗin wata. Ranar Asabar shugabanninmu za su je su ga faston.