RA'AYIN JARIDA: RASIT ƊIN HAYA DA HARAJIN ALBASHI

Ran 1 ga Janairu 1916 ba ta da wani tarihi a Sabo, ko da yake a shekarar ce aka kafa unguwar a Ibadan, amma ran 1 ga Janairu 2026 ta shafi aljihun kowane mai albashi da ke kwana a Mokola. A ranar ce sabuwar dokar haraji, wadda Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya sa wa hannu ran 26 ga Yuni 2025, ta fara aiki.

A dā, tun gyaran dokar da aka yi a 2011, akan ware wa ma'aikaci aƙalla Naira 200,000 haɗe da kashi 20 cikin ɗari na albashinsa, ba a taɓa su da haraji, ko ya nema ko bai nema ba. Sabuwar doka ta soke wannan. A maimakonsa ta yafe haraji a kan Naira 800,000 na farko a shekara, ta kuma kawo rangwamen kuɗin haya, watau kashi 20 cikin ɗari na abin da mutum ya biya, muddin rangwamen bai wuce Naira 500,000 ba. Sai dai fa wannan ba ya zuwa da kansa. Sai ma'aikaci ya nema, ya kuma nuna shaida.

To, a nan gizo ke saƙa. Sabo unguwa ce da aka gina a kan amana. Fataken goro da na shanu sun saba sauka gidan maigida, a ƙulla ciniki mai yawa da baki kawai, kuma haka hayar ɗaki ta gada: a miƙa kuɗi, a yi addu'a, a watse. Wannan hali abin yabo ne, amma Hukumar Tara Haraji ta Jihar Oyo ba ta karɓar shaidar maƙwabci. Direba ko maigadin kamfani mai biyan hayar Naira 300,000 a shekara, wanda albashinsa ya kai matakin harajin kashi 15, yana da haƙƙin a cire masa Naira 60,000 kafin lissafi, watau Naira 9,000 ke nan a hannunsa. In babu rasit, sun tafi. Mai babban albashi yana iya raina su, amma ba magidancin da ke aika kuɗin taki gida kowace damina ba.

Haka kuma kuɗin da ma'aikaci ya kashe a hidimar aikinsa, kamar man mota ko masauki in an aike shi, idan kamfani ya mayar masa, ba albashi ba ne, bai kamata a yanke musu haraji ba. Nan ma takarda ce ke raba gardama.

Saboda haka wajibi ne masu gidajen Sabo su daina ɗaukar neman rasit a matsayin rashin yarda. Ai ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, kuma limaman unguwar sun fi kowa cancantar tunatar da jama'a wannan. Ita ma hukumar harajin, ya kamata ta fitar da bayanin neman rangwamen da Hausa, ta kai shi Sabo da Sasa. Ma'aikaci kuwa ya kai rasit ɗinsa ofishin albashi tun kafin a yanke, don karɓo abin da ya riga ya shiga baitulmali ba ƙaramar wahala ba ce.