Ɗakin Mai Jego: Natsuwa Ita Ma Magani Ce



A manyan garuruwa irin su Sakkwato da Kano akwai gidajen gyaran jiki inda mata ke biyan kuɗi masu yawa don a yi musu dilka da halawa da tausa. Duk wadda ta taɓa shiga za ta lura ba shafe-shafen kaɗai ake sayarwa ba. An rage hasken ɗaki, ƙamshi na tashi kaɗan-kaɗan, ruwa da ɗumi daidai jiki, kuma babu mai ɗaga murya. Masu gidajen sun gane cewa abin da ido ya gani, kunne ya ji, hanci ya shaƙa, shi ke kwantar da jiki ko ya tayar da shi.

Mu Hausawa mun gaji namu tun kaka da kakanni, wato jego. Kwana arba'in ana hutar da mace, ana yi mata wanka da ganyen darbejiya ko runhu, ana gasa mata jiki, ana ba ta abinci mai kyau. A ganina al'ada ce mai daraja. Sai dai a gidaje da yawa an riƙe zafin da hayaƙin, an saki natsuwar, alhali ita ce asalin maganin.

Kwanakin baya na je barka gidan wata ƙanwata a Darna Sabon Gari, can Illela bakin iyaka, kwana uku da haihuwarta. Lokacin sanyi ne. Na tarar an rufe taga an toshe da tsumma, kasko biyu na ci, ɗaya na gawayi ɗaya na turaren wuta. Mata sun fi goma a ɗaki, har da dangin miji da suka tsallako daga Ƙonni, ga rediyo na yi, jariri kuma na yawo daga hannu zuwa hannu. Mai jego ta raɗa mini cewa kanta kamar ya tsage, rabonta da barcin kirki tun daren naƙuda. Na roƙi Inna, kakar jaririn, muka buɗe taga, aka fitar da kaskon, 'yan barka suka koma rumfa. Na auna jininta, lafiya lau. Ba a jima ba barci ya kwashe ta, jariri a ƙirjinta. Kowa a ɗakin nan ƙauna ce ta kawo shi, amma ƙaunar ta hana ta hutu.

Dalilin a jikinmu yake. Akwai wani sinadari mai suna oksitosin. Shi ke sa mahaifa ta matse lokacin naƙuda, shi ke sa ta tsuke bayan haihuwa don jini ya tsaya, kuma shi ke sako ruwan nono. Yana gudana sosai idan mace ta ji kwanciyar hankali. Tsoro da hayaniya da jin kunya kuwa suna tayar da adirenalin, wanda ke iya dakushe aikinsa. Shi ya sa uwar da hankalinta ke tashe za ta ga nono ya cika amma ya ƙi sauka. Shi ya sa kuma a shekarar 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a bar kowace mai naƙuda da wani nata da ta zaɓa ya tsaya kusa da ita. Mu ma ma'aikata wannan magana ta shafe mu: tsawa a ɗakin haihuwa ba ta taɓa saukar da kowa ba.

To, yaya za mu gyara ɗakin mai jego?

Na farko, zafi. Ruwan ɗumi yana sassauta tsoka, yana rage ciwon baya. Tafasasshen ruwa kuwa ƙuna yake yi, yana kawo jiri, musamman ga wadda ta zubar da jini da yawa. Mai yin wanka ta tsoma gwiwar hannunta. In ba za ta iya barinta ciki ba, a sirka. A watan Afrilu, lokacin da zafin Illela ke wuce digiri 40, ba hikima ba ce a kwantar da mace kan gado mai wuta a ƙarƙashi. Wadda aka yi wa tiyata ko ɗinki, kada a fyaɗa mata ganye a wurin.

Tun shekarun 1970 likitocin Zariya, Davidson da Parry, suka yi rubutu kan ciwon zuciya da ke kama mata bayan haihuwa, suka danganta shi da kunun kanwa da kwanciya kan gado mai zafi. Wani babban bincike da Farfesa Kamilu Ƙaraye na Kano ya jagoranta, aka wallafa a 2020, bai samu waɗannan al'adu a matsayin tushen ciwon ba. Ya fi nuni ga rama da hawan jinin ciki. Duk da haka kanwa gishiri ce, gishiri kuma yana tara ruwa a jiki. Wadda ta yi hawan jini ko jijjiga ko kumburi, ta bar kanwa gaba ɗaya.

Na biyu, ƙamshi. Ba na gaba da turaren wuta, ni ma ina so. Amma huhun jariri ɗanye ne. A turara ɗaki da kaya lokacin da ba ya ciki, a bar hayaƙi ya fita kafin a dawo da shi. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi. Tana farawa da ciwon kai da kasala, tana iya kisa cikin barci. Sannan jariri da hanci yake gane nonon uwarsa. Saboda haka kada a shafa humra ko turare a ƙirji.

Na uku, haske. Da dare a rage shi, uwa da ɗa su samu barci. Da rana kuwa a ɗage labule. A ɗaki mai duhu ba a ganin shawara, wato idon jariri da fatarsa su koma ruwan ɗorawa. Kullum da safe a duba shi a hasken rana, musamman makon farko.

Na huɗu, sauti. Barka zumunci ce, ba mu ce a daina ba. A ware mata lokaci, a shiga biyu-biyu ko uku-uku, a wanke hannu kafin a ɗauki jariri, mai mura ta gaisa daga bakin ƙofa. Tsakanin azahar da la'asar a bar mai jego ta runtsa. Maigida, wannan aikinka ne kai da Inna, domin ita kunya ba za ta bar ta ta sallami baƙi ba.

Na biyar, taɓawa. Babu abin da ke kwantar da jariri kamar a ɗora shi a ƙirjin uwarsa, fata da fata, a lulluɓe su tare. Yana samun ɗumi, numfashinsa na daidaita, ya kama nono da wuri, ya sha dakashi, wanda shi ne rigakafinsa na farko. Ita ma uwa tausa mai laushi a baya da kafaɗu ta fi mata murza da ƙarfi.

Na san wasu iyayenmu za su ce, "Mu haka aka yi mana, ga mu da ranmu." Gaskiya ne Hajiya, Allah Ya ƙara lafiya. Amma mu da ke asibiti muna ganin waɗanda ba su wanye lafiya ba. Ba cewa muka yi a bar jego ba. Cewa muka yi a rage wuta, a ƙara hutu.

Ɗaki mai natsuwa yana da wani amfani kuma: a cikinsa ake saurin lura da matsala. Idan mai jego na haki ko ba ta iya kwanciya sai a jingine, ƙafa ta kumbura, jini na zuba da yawa, ko akwai zazzaɓi, ciwon kai mai tsanani ko gani dishi-dishi, kada a ce sanyi ne ya shige ta a ƙara wuta. A kai ta asibiti nan take. Daga Illela zuwa Sakkwato tafiya ce ta fiye da awa ɗaya, don haka a tanadi mota da kuɗin mai tun kafin watan haihuwa ya kama. Ko babu ciwo, a duba uwa da jariri a ranar farko, da kwana na uku, da mako na biyu, da kuma bayan mako shida.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya mana abin da muka haifa, amin.