ZAUREN 'YAN MATA: "Anti, Saurayina Mai Goge Daɓe Ne"



Wasiƙar wannan watan ta fito ne daga wata ƙanwata 'yar ajin ƙarshe a sakandare. Ta ce: "Anti, ina son wani yaro, shi ma yana sona, har iyayensa sun zo gaisuwa. To amma aikinsa goge daɓe da inji a wani asibiti. Ƙawayena sun sa ni gaba da dariya, wai zan auri mai shara. Don Allah in rabu da shi?"

Haba ƙanwata! Kin taɓa tsayawa kin kalli aikin nan kuwa? Zauna in ba ki labari.

Injin nan yana da faifai a ƙasansa, mafi yawa faɗinsa inci 17 ne, yana juyawa kamar sau 175 a minti ɗaya. Akwai wani mai gudun da ya wuce sau 1,000, shi ne ke sa daɓe ya riƙa sheƙi kamar madubi. A ƙarƙashin faifan ake maƙala soso, kuma kowane launi da aikinsa: baƙi na kankare tsohon man daɓe, kore na wanke dauɗa mai taurin kai, ja na gogewar yau da kullum, fari na fito da ƙyalli. Wanda ya sa baƙi a inda fari ya dace, wallahi ya ɓata daɓen mutane, sai biya.

Sannan ba a tura shi kamar baro. Mariƙin yana daidai ƙugu. In ka ɗan ɗaga shi sai injin ya yi dama, in ka ɗan sauke ya yi hagu. Wanda bai iya ba, yana kunnawa zai fizge shi ya maka da bango. Ga lura da wayar lantarki kada faifan ya naɗe ta, ga cire soket kafin a canja soso, ga sa alama don kada maras lafiya ya zame a jiƙaƙƙen daɓe. Wannan duk kike kira shara?

Ke dai tambaye shi, za ki ƙaru. Zai gaya miki kada ki kuskura ki zuba ruwan lemon tsami ko maganin wanke masai mai asid a kan mabul ko tarazo, don yana cinye fuskarsa ya bar tabo. Kuma kada ki taɓa haɗa bilic da irin wannan maganin, iskar da ke tashi guba ce. Kin ga tun kafin a kai ki ɗaki kin samu malami.

Ni abin da zan tambaye ki shi ne: yana da gaskiya? Yana girmama iyayenki? Ya yarda ki ci gaba da karatu? In amsar e ce, to riƙe abinki. Mai sana'a irin wannan, in ya yi tattali, gobe zai iya sayen injin kansa ya riƙa karɓar aikin otal da gidajen biki. Ƙawayen nan masu dariya kuwa, ranar da tukunya ta ƙi hawa murhu ba za ki ga ko ɗaya ba.

Sai dai kar ki yi gaggawa. Ki gama jarrabawarki, ki kuma bar su Baba su yi bincikensu.

Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku.

Taku har kullum,
Anti