Wa Ya Kamata Ya Zaɓi Gwani?

Jama'a, a shekarar 1981 aka fara buga wasu mujallu biyu na wasannin bidiyo, wato Electronic Games a Amurka da Computer and Video Games a Ingila. A lokacin babu intanet. Sai yaro ya duba mujalla tukuna kafin ya kashe ɗan abin da ya tara.

Ta Ingila ta kafa lambar yabo ta Golden Joystick, ta bar wa masu karatu zaɓen wasan da ya fi kowane a shekara. Jetpac ne ya ci ta 1983.

A ganina wannan hanya ita ce daidai. Dalilina kuwa, abincin mujalla yana cikin tallan kamfanonin da ke yin wasannin. Yaya edita zai kushe kayan mai biyansa? Amma wanda ya sayi wasa da guminsa ba ya jin kunyar kowa.

Wani zai ce masu karatu sukan bi yayi. Haka ne, amma gara kuskuren mai saye da shaidar mai jiran lada. Mujallar ta daina fitowa a takarda a 2004, ga shi kuwa har yau jama'a na wannan zaɓe.